TAFIYA ƘASAR WAJE KOYON TURANCI: ABIN DA ƊALIBI ZAI SANI KAFIN YA ƊAURE KAYA

A cikin shekarar 1945 ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Ingila ƙaro ilmi a Jami'ar Landan, a shekara mai bi mata kuma Malam Aminu Kano ya bi sawu. A wancan zamani hukuma ce ke zaɓen wanda za ya tafi, ita ke biyan kuɗin jirgi da na makaranta, ita kuma ke sama masa masauki. Yanzu al'amari ya sake. Ɗalibi da mahaifinsa su ne hukumar kansu: su za su binciko makaranta, su rubuta takardar nema, su tara kuɗi, su tsaya gaban ma'aikacin biza. In an yi kuskure a ɗaya daga cikin waɗannan, dukiyar da aka yi shekaru ana tarawa sai ta salwanta a cikin mako guda.

Mai karatu yana iya tambaya, me za ya kai ɗan Nijeriya wata ƙasa koyon Turanci, alhali da Turanci ake karatu a makarantunmu, da shi kuma ake aikin gwamnati? Tambaya ce mai kyau, amma masu bukatar nan suna da yawa. Akwai malamanmu da suka yi digiri da Larabci a Madina ko Alƙahira ko Sudan, suna son yin digiri na biyu a jami'ar da ba ta karantarwa sai da Ingilishi. Akwai 'yan'uwanmu Hausawan Nijar da Cadi da Kamaru waɗanda suka yi boko da Faransanci. Akwai kuma, mu faɗi gaskiya, waɗanda suka gama jami'a a nan gida da takardar shaida mai kyau, amma in Bature ya yi musu magana da saurin da yake yi wa ɗan'uwansa, sai su kama kalma ɗaya su saki uku. Daɗin daɗawa, Nijeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da gwamnatin Birtaniya ta ɗauka cewa Ingilishi ne harshen akasarin mutanensu, saboda haka ba a ɗauke wa ɗan Nijeriya nuna shaidar iya Turanci ba. Jami'o'i da dama a can suna karɓar sakamakon WAEC in mutum ya sami C6 ko abin da ya fi haka a Turanci. Wanda bai samu ba, sai jarrabawa ko kwas.

Kwas ɗin da muke magana a kai shi ne wanda ɗalibi ba shi da wani aiki sai Turanci, daga safe har la'asar, kwana biyar a mako: sauraro, magana, karatu, rubutu da nahawu. Ba sabon abu ba ne. Jami'ar Michigan ta Amurka ta buɗe cibiyarta ta koyar da Ingilishi ga baƙi tun 1941, a ƙarƙashin Farfesa Charles Fries. A Amurka, doka ta ce ba a lissafa mutum cikakken ɗalibin harshe sai yana zaman aji aƙalla awa 18 a mako. A Ingila kuwa makarantu sukan ƙidaya darasi ne, ba awa ba, kuma a nan ne mutum za ya buɗe ido. Darasi ɗaya sau da yawa minti 45 ne. Watau in aka rubuta maka darasi 20 a mako, awa 15 ke nan ka saya. Kafin ka gwada farashin makaranta biyu, mai da darussansu awoyi tukuna.

Wata nawa ake bukata? Turawa suna da ma'auni mai hawa shida wanda Majalisar Turai ta fitar a 2001, daga A1, matakin mai fara haɗa jimla, har zuwa C2, matakin wanda harshen ya zauna masa. Masu shirya jarrabawar Cambridge sun ƙiyasta cewa hawa ɗaya yakan ci kamar awa 200 na karatu a gaban malami. In ɗalibi yana yin awa 20 a mako, mako goma ke nan kafin ya tashi daga wannan hawa zuwa na gaba, in kuwa ya yi ƙwazo. Birtaniya tana neman B2 ga mai shiga karatun digiri. Saboda haka wanda yake A2 yau, kada wani dillali ya ruɗe shi da cewa kwas na mako shida za ya kai shi jami'a. Hawa biyu ke gabansa, wata biyar ke nan in an yi sa'a.

Wannan ne ya sa muke ganin abu na farko shi ne mutum ya auna kansa tun yana gida. Jarrabawar IELTS, wadda aka fara a 1989, ana yin ta a Abuja da Ikko da wasu manyan garuruwan ƙasar nan. Kashi huɗu ce. Sauraro kamar rabin awa, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. Karatu awa guda, rubutu awa guda, sannan hira da mai jarrabawa ta minti 11 zuwa 14. Makinta daga 1 zuwa 9 ne, sakamakon kuma shekara biyu yake aiki. Takwararta ta Amurka ita ce TOEFL, wadda ta girme ta, don tun 1964 ake yin ta. A lura, wanda za ya nemi bizar ɗalibi ta Birtaniya don kwas ɗin share fagen shiga jami'a, galibi nau'in IELTS na musamman ake nema daga gare shi, wanda hukumar biza ta amince da shi. Tambayoyin iri ɗaya ne, amma rajistar dabam ce. Mutum ya tambayi jami'ar wadda take so kafin ya biya, don kada ya zauna jarrabawa sau biyu.

Sai zaɓen makaranta, wanda shi ne gadar da mutane suka fi faɗawa ruwa a kanta. Hoton gini mai kyau a intanet ba shaida ba ne. A Birtaniya, British Council tana duba makarantun koyar da Ingilishi, tana buga sunayen waɗanda suka cika sharaɗi tare da rahoton masu dubawa, kowa yana iya karantawa kyauta. A Amurka kuma, tun bayan wata doka ta 2010, makarantar harshe ba ta da ikon ɗaukar ɗaliban waje sai wata hukumar tantancewa da gwamnati ta sani ta amince da ita. In sunan makaranta ba ya cikin jerin, magana ta ƙare, kome arahar kuɗinta. In yana ciki, sai ka rubuta musu da kanka, ka yi tambayoyin da takardar talla ba ta amsawa. Mutum nawa ne a aji? Littattafai suna cikin kuɗin? Akwai jami'ar da ke karɓar takardar shaidarsu a madadin jarrabawa? Sannan babbar tambaya: in an hana ni biza, nawa za ku mayar mini, kuma a cikin kwana nawa? Amsar wannan a same ta a rubuce kafin a aika ko kwabo.

Ba mu ce duk dillalan neman makaranta macuta ne ba. Akwai na kirki. Amma kuɗin makaranta a asusun makaranta ake zuba shi, ba a asusun dillali ba. Wanda kuma ya ce za ya haɗa maka takardar banki, ka guje shi kamar yadda za ka guji maciji, domin a dokar Birtaniya wanda aka kama da takardar jabu ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara goma. Dillalin yana nan yana harkarsa, sunanka ne ya ɓaci.

Bizar Birtaniya hanya uku ce, tsawon kwas ne ke nuna wadda za a bi. In bai wuce wata shida ba, bizar baƙo ta isa, muddin makarantar tantacciya ce. In ya wuce wata shida amma bai wuce wata 11 ba, akwai biza ta musamman don koyon Ingilishi kaɗai, ga wanda ya kai shekara 16. A 2025 kuɗinta fam 214 ne, ga kuma fam 776 na asibiti. Sharuɗɗanta masu tsauri ne: ba aiki, ko na lada ko na kyauta, ba ƙarin wa'adi, ba tafiya da iyali. Wanda yake lissafin za ya riƙa wanke kwanuka da dare yana biyan haya, to, lissafinsa ya rushe tun daga nan. Hanya ta uku ita ce bizar ɗalibi, ga wanda jami'a ta ɗauka da sharaɗin ya fara yin kwas ɗin Turanci. Jami'ar za ta ba shi lambar shaida da ake kira CAS, shi kuma ya nuna kuɗin makaranta da na zama sun kwana 28 a jere a asusu ba su ragu ba ko da rana ɗaya. A farkon 2025 kuɗin zaman da ake nema fam 1,483 ne a wata ga mai zama Landan, fam 1,136 ga na sauran garuruwa, kuma an ƙara shi kafin shekarar ta ƙare. Duk ɗan Nijeriya da za ya zauna fiye da wata shida sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, takardar kuwa wata shida take aiki, don haka kada a yi gaggawar yin ta.

Batun Amurka sai a yi hattara. Tsarinta shi ne makaranta ta aiko da takardar I-20, ɗalibi ya biya dala 350 na rajista da dala 185 na biza, ya je ganawa ido da ido a ofishin jakadanci. To amma a watan Yuli na 2025 aka rage yawancin bizar 'yan Nijeriya zuwa shiga ɗaya cikin wata uku, a watan Disamba na shekarar kuma Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan sanarwar da ta dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar karatu da ta ziyara daga 1 ga Janairu 2026. Nijar da Cadi suna cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya. Wanda Amurka ke ransa, ya fara tabbatar da matsayin dokar daga ofishin jakadancinsu kafin ya biya wa wata makaranta kuɗin ajiye gurbi.

Ba Turai kaɗai ake koyon Turanci ba. Ɗalibai masu yawa daga ƙasashen da Faransa ta raina suna zuwa Ankara, babban birnin Gana, inda Cibiyar Harsuna ta ƙasar take aiki tun 1961, ga kuma makarantu masu zaman kansu. Ga Bahaushen Maraɗi ko Damagaram mai matakin A1, ya fi masa riba ya hau hawa biyun farko a can ko a nan Nijeriya, ya ajiye fam ɗinsa don hawa na ƙarshe. Abin takaici ne mutum ya biya kuɗin Landan don ya koyi sunayen ranakun mako.

Maganar kuɗi tana da wata fuska da iyaye ba su cika dubawa ba. A farkon Yuni na 2023 dala ɗaya wajen Naira 460 ce a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. A cikin 2024 ɗin ne wasu ɗalibai 'yan Nijeriya a wata jami'a ta arewa maso gabashin Ingila suka kasa cika kuɗin makaranta, aka cire sunayensu, aka ce su bar ƙasar. Ba almubazzaranci suka yi ba, Nairar da suka ajiye ce ta narke a hannunsu. Wanda ke da hali ya biya kuɗin kwas gaba ɗaya tun farko, ko ya ajiye shi a asusun kuɗin waje.

Watannin jiran biza ba na zaman banza ba ne. Harshen Bahaushe yana da wuraren da yake tuntuɓe a Turanci, kalmomin da muka aro su ne shaida. Ba mu da bambanci tsakanin p da f, shi ya sa muke cewa fensir da fasinja da famfo. Ba ma son baƙaƙe su cunkushe wuri ɗaya, sai mu cusa wasali a tsakani, muka sami burodi da sukurudireba. A Hausa wannan ado ne, amma a gaban mai jarrabawa yana iya juya ma'anar kalma. Maganinsa ɗalibi ya riƙa sauraron rediyo da Ingilishi kullum, ya maimaita abin da ya ji da babbar murya, ya ɗauki muryarsa a waya ya saurara ba tare da jin kunya ba. Ya kuma riƙa rubuta shafi guda kowace rana da agogo a gabansa, don rubutu cikin ƙayyadadden lokaci shi ne ke ka da yawancin mutanenmu.

Game da masauki, zama a gidan Turawa ya fi ɗakin kwanan ɗalibai amfani ga mai koyon harshe, don a teburin cin abinci ake jin Turancin da ba ya cikin littafi. Amma a rubuta a takardar nema, ba ɓoye-ɓoye, cewa ba a cin naman alade, ana salla, kuma in mutum ba ya son gida mai kare ya faɗa, gama gidaje da yawa a can suna da shi har cikin ɗaki. Makarantu sun saba da irin wannan roƙo. Wanda za ya isa Landan cikin Disamba ya sani rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk sukan faɗo cikin kamar awa huɗu, a daidai lokacin aji. Gara ya yi magana da malaminsa tun makon farko, ya san inda za ya yi alwala. Rigar sanyi kuwa a can ake sayen ta kirki, ta hunturun Kano ba za ta yi ba.

Ranar tafiya, takardar karɓa ta makaranta, rasiɗin biya, adireshin masauki da takardar gwajin tari duk su kasance a jakar hannu, domin ma'aikacin shige da fice yana iya neman su kafin akwati ya fito. A ranar farko makarantar za ta yi wa sababbin zuwa gwaji don raba su aji-aji. Kada ɗalibi ya leƙa takardar na kusa da shi, kada kuma ya ji haushi in aka sa shi ajin da yake ganin ya fi ƙarfinsa. In bayan mako guda ya ga lalle darasin ya yi masa sauƙi, sai ya je wurin shugaban malamai ya nemi a sake gwada shi.