Mata masu tsara waƙa: murya ta yi nisa, suna ya tsaya a gida

Da yawa daga cikin ma'aikatan gwamnatin tarayya a Suleja suke kwana. Da asuba su biyo hanyar Madalla da Zuba zuwa ofis, ranakun Asabar da Lahadi kuwa su koma harkar biki da suna. A irin waɗannan taruka, musamman ranar kamu da wuni, ba a rasa macen da za ta karɓe fili da waƙa. Tana duban mahalarta tana saka sunayensu a baiti nan take, ta wasa uwar amarya, ta zolayi dangin ango, ta gargaɗi amarya kan zaman miji, 'yan amshi na biye da ita. Abin da take yi ƙirƙira ce cikakkiya, domin ita ta zaɓi karin, ita ta ɗaura kalmomin. Amma idan aka ɗauki bidiyon aka watsa a WhatsApp da TikTok, sunan amarya da na mai kwalliya ake rubutawa. Ba kasafai ake tambayar wadda ta yi waƙar ba.

Wannan shi ne babban ƙalubalen mata masu tsara waƙa a ƙasar Hausa: ana sauraren aikinsu, ba a danganta shi gare su, kuma wanda ba a san da sunansa ba, ba a san da haƙƙinsa ba.

Gado mai tsawo

Tsara waƙa tsohuwar sana'a ce a hannun mata. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajinta kuma suka riƙa kai su ƙauyuka suna koyar da 'Yan Taru. Sunanta ya wanzu saboda an rubuta aikinta an adana. A ƙarni na 20, Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu sun yi rubutattun waƙoƙi kan ilimi da tsafta da al'amuran ƙasa, aka tattara wasu a littafin Alƙalami a Hannun Mata. Manazarciyar Amurka, Beverly Mack, ta fitar da littafi a 2004 kan waƙoƙin matan Hausa.

Ta ɓangaren waƙar baka, Uwaliya Mai Amada da Barmani Choge sun fito da kiɗan ƙwarya daga tsakar gida zuwa bainar jama'a. Barmani, wadda ta rasu a 2013, ta yi waƙoƙi kan kishi da haihuwa da neman na kai, tana kiran mata su riƙe sana'a. Waɗannan ƙalilan ne da suka yi sa'ar shiga kaset da rediyo. Waƙoƙin daka da niƙa da reno da gaɗa, waɗanda kowa ya tashi yana ji, mata ne suka ƙirƙire su, amma yau sai dai a ce da su “na gargajiya”.

Zamanin situdiyo

Bunƙasar finafinan Hausa tun daga ƙarshen shekarun 1990 ta buɗe wa mata sabuwar ƙofa. Muryoyin Fati Nijar, 'yar asalin Maraɗi, da Maryam A. Baba da Maryam Fantimoti sun shiga kusan kowane gida. Sai dai tsarin waƙar fim ya raba murya da fuska: mawaƙiya ta rera a situdiyo, jaruma ta hau kan waƙar a allo, mai kallo ya tafi da sunan jarumar.

Akwai kuma batun iko. Yawancin situdiyoyi maza ne ke da su, su ne masu kiɗa, su ne masu tace sauti. Mace kan je ne a matsayin mai amshi ko mai ɗaukar baitin mace, a sallame ta sau ɗaya. Ko da ta gyara kari ko ta ƙara baiti, da wuya a rubuta hakan a ko'ina. Waƙar na iya shekaru tana kawo kuɗi a YouTube, ita kuwa rabonta ya ƙare tun ranar ɗauka. A kan wannan ga kallon da al'umma ke yi wa mace mai waƙa, ga aikin dare da situdiyo ke buƙata, ga aure da sau da yawa kan zo da sharaɗin barin sana'ar.

Darasin Ladi Kwali

Suleja na da misalin abin da suna ke yi wa mai fasaha. A 1954, lokacin garin na amsa sunan Abuja, Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa. Dubban mata sun gina tukwane kafin ita, amma tukwanenta na cibiyar suna ɗauke da hatimin haruffan sunanta. Da wannan aka san nata a Landan, yau kuma hotonta na bayan takardar Naira 20. Yumɓu na riƙe hatimi. Waƙar baka kuwa sai an ɗauke ta an rubuta sunan mai ita.

A nan doka ta shigo. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta kare waƙa muddin an adana ta a rubuce ko a naɗe, ta ba mai ita ikon a ambaci sunansa, kariyar kuma na ci gaba har shekara 70 bayan rasuwarsa. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke Abuja, na karɓar rajista ta intanet. Tsakanin Suleja da ofishinta tafiyar awa guda ce ko ƙasa da haka, amma bayanin dokar bai kai ga zabiya da harshen da take ji ba.

Masu karanta wannan shafi ba 'yan kallo ba ne a lamarin. Hadiman 'yan siyasa ne ke ba da kwangilar waƙar kamfe, jami'an ma'aikatu ne ke neman waƙar wayar da kai kan rigakafi da rajistar zaɓe. Kowannensu na iya tambayar wanda ya tsara waƙar, ya sa a rubuta sunan duk macen da ta sa hannu, ya tabbatar an biya ta kai-tsaye bisa yarjejeniya a rubuce. Jami'an hukumar kuma na iya kai bayanin dokar gidajen rediyo da ƙungiyoyin mata da Hausa da Gwari da Nupanci. Uwar biki ma, kafin ta tura bidiyo, layi ɗaya ya ishe ta rubuta sunan wadda ta raya mata taro.