Juyen Baƙin Mai Ba Abincin Injin Zarto Ba Ne

Wata magana ta yaɗu a tsakanin 'yan'uwanmu na unguwannin Kassalafam da New Bell a Duwala masu sayen injin zarto su ɗanka wa yara su shiga daji yankan katako, har ta zama tamkar mas'alar da aka yi ijma'i a kanta, wai baƙin man da aka juye daga gingimari, muddin an tace shi da tsumma, daidai yake da man kanti wajen gaurayawa da fetur. Wannan batu baɗili ne, kuma na gaji da jin sa daga bakin dattawan da in kuɗin goro ne ba a cutarsu ko dala.

Injin zarto, ko Stihl ne ko Husqvarna, ba shi da ma'ajin mai a cikinsa irin na mota, saboda haka ɗan man nan da ake zuba wa fetur shi kaɗai ne hijabi tsakanin fistan da silinda. Shi kuwa man juye, bayan ya yi dubban kilomita tsakanin Yokaduma da Bertuwa da tashar jiragen ruwan Duwala, cike yake da toka da garin ƙarfe wanda tsumma ba ya kamawa, sai ya yi ta cin silinda sannu a hankali, har ranar da fistan zai cije a tsakiyar gungumen sapelli, alhali makanike yana nisan yini guda. Kamfanin Stihl ya ƙayyade kashi 1 na mai cikin 50 na fetur, wato mililita 100 a lita 5. Ashe wannan ɗan miƙidari ake yi wa rowa?

Kayan gyara kuwa daga ƙetare suke zuwa, kuma wanda ya ga Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin kayan waje ya ninka, ya san haka. In ka je Camp Yabassi a Duwala neman fistan mai arha, la'alla jabu za ka dawo da shi. Ban da man juye, laka da gurɓataccen fetur su ma suna da nasu laifin wajen lalata inji.

Wajibi ne mai inji ya sayi man da hannunsa, ya auna a gaban yaro, kada ya bar gaurayayyen fetur ya wuce wata guda a jarka. A wasa haƙoran sarƙa da magagari da zarar an ga tana fitar da gari maimakon ɓarzajjen itace, a riƙa juya takobin injin domin gefe guda kada ya cinye, a kakkaɓe matatar iska kowace maraice. A cikin kuɗin kowane lodin katako kuma a ware wani abu da sunan sabuwar sarƙa da sabon inji, a ba amintacce ajiya, tun kafin a yi rabon riba.