Wa'adin Kammala Manhaja: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ba Da Kwangila

Tun bayan ƙarancin takardun Naira na farkon shekarar 2023, 'yan kasuwa da dama a Jimeta da Yola suka rungumi ciniki ta wayar hannu, wasunsu kuma suka shiga neman manhajar lissafin haja da bashi. Masu rubuta ta ba su yi wuyar samu ba, ganin cewa Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya duk suna koyar da ilmin kwamfuta. Inda saɓani ya fi tasowa shi ne ranar miƙa aiki.

Masu wannan sana'a da yawa suna bin tsarin aiki zango-zango, wanda ake kira Ajayil. Ƙwararru 17 ne suka tsara ƙa'idojinsa a watan Fabrairu na 2001 a Jihar Yuta ta Amurka. A tsarin, akan kasa aiki zuwa zanguna na mako ɗaya zuwa huɗu, kuma a ƙarshen kowane zango a nuna wa mai kwangila ɓangaren da ya fara aiki, domin gani ya kori ji.

Abubuwa uku ne ke ɗaure da juna: yawan aiki, lokaci da kuɗi. Idan mai shago ya tsayar da rana, alal misali kafin cinikin Sallah, wajibi ne ya jera bukatunsa bisa muhimmanci, ya kuma amince a jinkirta na ƙasa. Duk bukatar da ya ƙara a tsakiyar aiki, ko dai ta ture wata, ko ta ɗage wa'adi.

Haka kuma, ƙara ma'aikata ba ya maganin jinkiri. Tun a 1975 masani Fred Brooks ya bayyana cewa tura sababbin mutane cikin aikin manhaja da ya makara yakan ƙara masa makara, saboda sai tsofaffin sun bar aikinsu sun koya musu.

Don haka ya kamata a rubuta cikin yarjejeniya cewa za a biya kuɗi zango-zango bayan an gwada abin da aka gama, a naɗa mutum guda mai yanke shawara, a kuma sake duba wa'adin bayan zango biyu ko uku, lokacin da saurin ma'aikatan ya bayyana. Alkawari kaya ne; gara a auna shi kafin a ɗauka.