Yadda Kishi Ya Jawo Kisan Gwanar Tseren Keke a Amurka

Jama'a, keke ba baƙo ba ne a ƙasar Daura. Da shi manomi ke zuwa gona. Da shi ɗan makaranta ke zuwa aji. Da shi ake kai kaya kasuwar Mai'aduwa, ko ta Zango, ko ta Ɓaure. Amma a wasu ƙasashe hawan keke sana'a ce babba. Akan shirya tsere, wanda ya zo na ɗaya ya sami kuɗi da suna.

A wannan wata mun kawo muku bayanin wata shari'ar kisan kai da ta girgiza 'yan tseren keke a ƙasar Amurka. Abin ya faru a nesa da mu, amma dalilinsa yana nan a cikin gidajenmu. Dalilin kuwa shi ne kishi.

Mene ne tseren keke?

Tseren keke daɗaɗɗen wasa ne. Mafi shahara shi ne na ƙasar Faransa, wanda aka fara a 1903. A nan Afirka ta Yamma, ƙasar Burkina Faso ta fara nata a 1987. Mu ma a Nijeriya muna da 'yan tsere. A 2024 wata 'yar ƙasarmu, Ese Ukpeseraye, ta yi tseren keke a wasannin Olamfik na birnin Faris.

Akwai irin tseren da ake yi a kan kwalta. Akwai kuma wanda ake yi a hanyar burji, cikin tsakuwa da ƙura, irin hanyoyin ƙauyukanmu. Wannan na biyun shi ne sana'ar yarinyar da aka kashe.

Su wane ne a cikin maganar?

Mutum uku ne.

Ta farko ita ce Moriah Wilson, mai shekara 25. Ita ce marigayiyar. A farkon 2022 ta yi ta lashe manyan tsere, har ana cewa babu macen da ta fi ta a tseren burji a ƙasar. A watan Mayu ta sauka birnin Ostin na Jihar Tekzas, a gidan wata ƙawarta. Ta je ne don wani tsere mai nisan kimanin kilomita 250. Wato kamar mutum ya hau keke daga Daura zuwa Katsina, ya dawo, ya sake komawa, duk a yini ɗaya.

Na biyu shi ne Colin Strickland. Shi ma gwanin tsere ne. A 2019 ya lashe babban tseren burji na Jihar Kansas mai nisan kilomita 320.

Ta uku ita ce Kaitlin Armstrong, mai shekara 34 a lokacin. Tana koyar da wani irin motsa jiki da ake kira yoga. Ita ce budurwar Colin. Ba su yi aure ba, amma suna zaune gida ɗaya, kamar yadda wasu ke yi a can.

Daga ina rigimar ta taso?

A ƙarshen 2021 Colin da Kaitlin suka ɓata, suka rabu na ɗan lokaci. A wannan tsakani Colin ya nemi Moriah. Neman bai daɗe ba. Ya koma suka shirya da Kaitlin, amma bai yanke hulɗa da Moriah ba.

Kaitlin ta sani, abin kuma ya tsaya mata a rai. Ta taɓa bugo wa Moriah waya ta gargaɗe ta. Shi kuwa Colin, maimakon ya fito fili ya kashe wutar, sai ya shiga ɓoye-ɓoye. Ya canja sunan Moriah a cikin wayarsa don kada a gane da wa yake magana.

Daga baya wasu ƙawayen Kaitlin biyu sun faɗa wa kotu cewa sun ji ta da kunnensu tana maganar kashe Moriah, watanni kafin abin ya faru. Sun ɗauka zafin rai ne kawai.

Daren 11 ga Mayu, 2022

A wannan rana da yamma Colin ya ɗauki Moriah a babur. Suka je wurin iyo, suka ci abinci. Wajen ƙarfe 8:30 na dare ya sauke ta a masaukinta, ya wuce. Sai ya aika wa Kaitlin saƙon ƙarya game da inda ya je.

Wajen ƙarfe 10 ƙawar Moriah ta dawo gida. Ta tarar da ita kwance cikin jini. An harbe ta sau uku, biyu a kai, ɗaya a ƙirji. Saura mako ɗaya ta cika shekara 26.

Yaya aka gano mai laifi?

Babu wanda ya ga kisan da idonsa. To, yaya 'yan sanda suka yi? Sawu suka bi, kamar yadda maharbi ke bin sawun dabba. Ga sawun da suka samu:

Na ɗaya, kyamara. Maƙwabta sun kafa kyamarori a ƙofar gidajensu saboda ɓarayi. Ɗaya daga ciki ta ɗauki hoton wata baƙar mota ƙirar Jeep tana wucewa kusa da gidan, jim kaɗan bayan an sauke Moriah. Irin motar Kaitlin ce.

Na biyu, ita kanta motar. Motocin zamani suna da na'ura mai rubuta duk inda suka bi, da lokacin da suka bi. An kashe wayar Kaitlin a wannan lokaci, amma na'urar motar ba ta daina aiki ba. Ta nuna motar tana zagaya unguwar a daren.

Na uku, kwanson harsashi. Kowace bindiga tana barin tabonta a jikin kwanson da ta fitar. Masana suka gwada kwanson da aka tsinta da wata ƙaramar bindiga da aka samu a gidan su Kaitlin. Suka ce ita ce. Colin ne ya saya mata bindigar tun da farko.

Na huɗu, keken marigayiyar. An same shi a jefe cikin duhuwar gora kusa da gidan. Duk abin da mutum ya taɓa, yakan bar ɗan gumi ko ɓurɓushin fata a kai, wanda ido ba ya gani. Akwai gwajin da ke nuna na wane ne. Gwajin ya nuna alamar Kaitlin a jikin keken.

Masu gabatar da ƙara sun kuma ce Kaitlin ta riƙa bibiyar Moriah ta wata manhajar waya mai suna Strava. A nan ne 'yan tsere ke nuna wa duniya hanyar da suka bi kowace rana.

Shi ma Colin an bincike shi. Kyamarori sun nuna yana wani wuri lokacin kisan, don haka ba a tuhume shi ba.

Gudun da bai yi amfani ba

Kashegari 'yan sanda suka yi wa Kaitlin tambayoyi, suka sake ta. Ba ta tsaya ba. Ranar 13 ga Mayu ta sayar da motar a kan dala 12,200. Ta hau jirgin sama zuwa Niyok. Ranar 18 ga Mayu ta fice zuwa ƙasar Kosta Rika da fasfon 'yar'uwarta.

A can ta canja suna. Ta rage gashinta, ta rina shi. Ta biya likita ya canja mata siffar hanci. Duk da haka jami'an Amurka suka bi ta. Da suka rasa ta, sai suka yi dabara. Suka ba da sanarwa wai ana neman mai koyar da yoga. Ta amsa. Ranar 29 ga Yuni, bayan kwana 43 ana nemanta, aka kama ta a wani ƙaramin gari na bakin teku. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

A watan Oktoba na 2023 ta sake gwada gudu, ranar da aka kai ta ganin likita. Ba ta yi nisa ba aka cafke ta.

Hukuncin kotu

An yi shari'ar a watan Nuwamba na 2023. Kaitlin ta ce ba ta aikata ba. A tsarin Amurka akan zaɓo mutum 12 daga cikin jama'ar gari su saurari shaidu, su faɗi ko akwai laifi ko babu. Ranar 16 ga Nuwamba suka yi shawara ta kimanin awa biyu, suka ce ta aikata. Kashegari aka yanke mata ɗaurin shekara 90. Sai ta yi shekara 30 a kurkuku kafin ta iya neman sassauci.

Iyayen Moriah kuwa sun kafa wata gidauniya da sunanta, don taimaka wa yara su sami damar wasanni da ilimi.

Mu ma ya shafe mu

Kada mai karatu ya ce wannan halin Turawa ne. A watan Satumba na 2022, a unguwar Janbulo ta Kano, wani ɗan ƙasar Sin mai suna Frank Geng ya kashe Ummukulsum Buhari, wadda aka fi sani da Ummita. Ya daɗe yana nemanta da aure. A watan Maris na 2024 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa hukuncin kisa. Ashe kishi da zafin zuciya ba na mata kaɗai ba ne. Namiji ma yana kashewa a kansu.

A ƙasarmu kisan kai da gangan babban laifi ne, hukuncinsa kisa. Haka yake a dokar ƙasa, haka yake a shari'ar Musulunci. Cewa "raina ne ya ɓaci" ba ya dawo da wanda ya mutu.

Abin da ya kamata mu yi

Maigida, ka riƙe gaskiya a gidanka. In za ka ƙara aure, faɗa wa uwargida da bakinka. Kada ta ji a bakin rijiya ko a gidan biki. Ka yi adalci wajen kwana da cefane. Colin bai harbi kowa ba, amma ƙaryarsa da ɓoye-ɓoyensa sun ƙara wa wutar itace.

Uwargida da amarya, kishi halitta ne, ba wanda ya ce kada a ji shi. In ya yi nauyi, a kai kuka wurin iyaye, ko waliyyi, ko limamin unguwa. In an cuce ki, kotu tana nan. Wuƙa da tafasasshen ruwa da guba ba su taɓa gyara aure ba.

Saurayi, in yarinya ta ce ba ta yi, ka haƙura. In akwai kayanka ko kuɗinka a hannunsu, manya su shiga tsakani a warware.

Maƙwabta da ƙawaye, naku ya fi sauƙi, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. In kun ji wani yana cewa "sai na kashe wance", kada ku yi dariya ku wuce. Ku faɗa wa manyan gidan tun a ranar. In abin ya ci gaba, a sanar da mai unguwa ko dagaci, su kai wa hakimi. Akwai 'yan Hisba, akwai ofishin 'yan sanda. A kuma kawar da bindiga da duk wani makami daga hannun mai fushi. Da ƙawayen Kaitlin sun kai maganar gaba, wataƙila da yau Moriah tana kan kekenta.

Matasa masu wayar hannu, ku ma ku lura. Ba dole ba ne duniya ta san inda kuka kwana da inda za ku gobe.

Duk wanda ya karanta wannan, ya karanta wa waɗanda ba su fara zuwa ajin yaƙi da jahilci ba. Allah ya ba mu haƙuri da juna, ya kiyaye mu daga aikin da-na-sani, amin.