Akori-kura mai giyar otomatik a hanyoyin Yelu: abin dubawa kafin a kwance akwatin giya

Kamar yadda kowa ya sani, ƙasar Gaya ita ce ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kimanin milimita 800 a shekara. Wannan albarka ce ga manoman Yelu da kewaye, masu rake da rogo da dankali a fadamun Dallol Mawri, amma ga direba ɗawainiya ce. Da zarar mota ta sauka daga kwaltar da ta haɗa Doso da Gaya ta nufi ƙauyuka, sai rairayi da rani, sai taɓo da kwanciyar ruwa da damina. Akori-kura ce ke ɗaukar wannan nauyi: ita ke fid da amfanin gona zuwa kasuwa, ita ke kai kaya Kamba a tsallaken iyakar Najeriya, ita ce kuma ake bugawa ƙofar mai ita da tsakar dare in haihuwa ta zo da gardama.

A da, Peugeot 404 da 504 ne ke wannan aiki, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Giyarsu ta hannu ce, kuma kowane yaron gareji ya san cikinta. Daga baya motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka suka yi ta shigowa ta tashar jiragen ruwan Kwatano, Toyota Hilux da ire-irenta, wasunsu da giya mai canza kanta. Ita wannan giya tsohuwar fasaha ce, don kamfanin General Motors ya fara sa ta a motocinsa na shekarar 1940, sai dai a karkararmu baƙuwa ce har yanzu.

Kukan da ake ji kusan iri ɗaya ne. Mota ta fito daga fadama lafiya, ta hau hanya mai kyau, sai ta ƙi canza giya, ko ta canza da fizga kamar an harbe ta daga baya, ko inji ya yi ta ruri ita kuwa tana tafiyar hawainiya. Mai mota ya tsorata, makaniki ya ce a sauke akwatin giya, wanda suke kira bwat. Nan ne asara take farawa, domin akwatin otomatik da aka buɗe a filin Allah, iska na kwaso ƙura, da wuya ya koma yadda yake, kuma sau da yawa cutar ba a cikinsa take ba.

Abin fara dubawa ba ya cin ko dala. Motar kat-kat tana da ƙaramin akwati na biyu mai raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Direba yakan sa shi a L4 don fita daga taɓo, ya manta, ko kuwa ya mai da sandar amma haƙoran ba su saki ba. A wannan matsayi gudun mota yana raguwa kimanin ninki biyu da rabi, giya tana hawa da sauri da fizga, inji yana ihu. Maganinsa a tsaya cak, a sa N, a mai da shi H2, in ya cije a ɗan ja da baya kaɗan. Akwai motocin da aka kai gareji a kan wannan kaɗai.

Sai a sunkuya a leƙa ƙarƙashi. Giyar zamani kwamfuta ce ke ba ta umarni, ita kuma kwamfutar tana dogara ga ƙananan na'urori masu auna gudun mota da juyawar inji. Kututturen gona yakan tsinke waya, taɓo yakan cika bakin mahaɗin wayoyi, ruwa ya kwanta ciki. In saƙo ya yanke, kwamfuta takan kulle mota a giya guda, galibi ta uku, don ta kare akwatin, fitilar gargaɗi kuma ta kama a gaban direba. Motar ba ta mutu ba, rarrafe take yi da gangan. A wanke ƙarƙashin, a cire mahaɗan a busar da su, a duba igiyar sandar giya ko dutse ya lanƙwasa maƙalinta, a duba kaskon mai ko ya loɓa. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1996, da na Turai daga baya, suna da mazugin da ake soka na'urar bincike ta karanto lambar laifin, kuma lambobin da suka fara da P07 na giya ne. Kuɗin wannan karatu a garejin da ke da na'urar bai kai na kwance akwati ba ko kusa.

Amma babban mai ba da shaida shi ne man giya, kuma a nan ya kamata a dakata. A cikin otomatik, mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa ƙafafu, shi ke matse faifan da ke canza giya, shi ke sanyaya su. Ana auna shi mota na tsaye a wuri mai daidai, inji ya yi zafi yana aiki, bayan an bi da sandar giya ta kowane matsayi. A ɗiga shi a kan farar takarda. Lafiyayyen mai ja ne, garau. In ya yi baƙi yana ƙauri, zafi ya dafa shi. Haka kan faru a rairayi, inda mota da lodin rake take ta haƙa a babbar giya, ko direba yana ta wurga sanda gaba da baya don ta fita. Man yana son zafin digiri 80 zuwa 90. In ya haura 120 sai ya fara lalacewa. Taɓon da ya bushe a fuskar lagireto yana ƙara wannan zafi, don ta nan man giya ke shan iska, kuma wankin lagireto aikin bokiti biyu ne.

In kuwa man ya fito fari-fari da ɗan ja, kamar an dama nono da zoɓo, to ruwa ya shiga, kuma wannan ne kaɗai halin da ba ya jiran gobe. Kowane akwatin giya yana da ɗan bututun shan iska a samansa. Akwati mai zafi in ya faɗa cikin ruwan kwari mai sanyi, iskar cikinsa takan tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta wannan bututu. Faifan ciki kuwa wata irin takarda ce aka manna a kan ƙarfe, ruwa yana ɓamɓare ta. Motar tana iya tafiya kwana biyu ko mako kamar ba kome, mai ita ya ce Allah ya kiyaye, ran nan sai ta tsaya gaba ɗaya. A kashe inji, a juye man, a canza matata, a sake juyewa fiye da sau ɗaya, domin juyen farko ba ya fid da ko rabin abin da ke ciki. Sauran yana maƙale a tulun da ke tsakanin inji da akwati. In motar ba ta shiga ruwa mai zurfi ba amma man ya yi haka, a tuhumi lagireto, wataƙila bututun mai da ke ratsa shi ne ya fashe.

Wajen sayen man ma akwai tarko. A kasuwannin bakin iyaka ana sayar da jan mai a kwalabe, kuma ja duk ja ne a ido. Alhali Dexron daban, T-IV daban, WS daban, kowace mota da wanda aka rubuta mata a kan sandar awo ko a littafinta. Baƙin man inji ba ya shiga nan ko da ɗigo. Sababbin Hilux da yawa ma ba su da sandar awo, ta ƙarƙashi ake duba man a wani ƙayyadadden zafi, aikin da ya kamata a bar wa wanda ya koye shi.

Saura maganar ja. Jama'ar ƙauye ba sa barin baƙo cikin taɓo, nan da nan za a kawo igiya da tarakta ko wata mota. Sai dai otomatik ba ta tashi da turi, kuma famfon da ke zagaya da manta inji ne ke juya shi. In aka ja ta inji a kashe tun daga fadama har Gaya, ƙafafun baya na juya akwati babu mai, abin da ruwa ya rage ja zai ƙarasa shi. Kafin a ɗaura igiya don tafiya mai nisa, sai a kwance doguwar sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya, kusoshi huɗu ne a kowane gefe, a tabbatar ƙaramin akwatin yana H2, a ɗora sandar a bayan mota.