Ruwan koramu a cikin na'ura: wa ke auna mai awo?

A kudancin jahar Damagaram, inda gundumomin Magarya da Dungas suka jingina da iyakar Najeriya, arzikin talaka yana kwance ne a ƙarƙashin rairayi. Ruwan koramu ba shi da zurfi, domin a wasu fadamu gaba biyu ko uku ake haƙawa a tarar da shi. Da shi ake noman rake, rogo, albasa da tumatir idan rani ya yi, da shi bisashe ke sha, kuma albarkarsa ce 'yan kasuwa ke lodawa zuwa Zinder, Maigatari da Kano. Ƙidayar shekarar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 570 a Magarya da fiye da dubu 350 a Dungas, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Jama'a na ƙaruwa, injinan ban ruwa na ƙaruwa, to shin ruwan zai ishe su har yaushe?

A yau, idan aka yi wa injiniyoyi irin wannan tambaya, na'ura mai ƙwaƙwalwa suke nufa. Sukan zana abin da za a iya kira taswirar lissafi: a yanka ƙasar gida-gida kamar ramukan dara, kowane gida a faɗa wa na'urar kaurin yashinsa, da saurin da ruwa ke ratsa shi, da abin da damina ke zuba masa, da abin da rijiyoyi ke ja daga cikinsa. Na'urar sai ta lissafa inda ruwa zai tsaya bayan shekara 10 ko 20. Ƙa'idar lissafin tsohuwa ce, wani injiniyan Faransa mai suna Henry Darcy ne ya fito da ita a birnin Dijon a 1856. Shi kuwa MODFLOW, tsarin da aka fi amfani da shi a duniya wajen wannan aiki, hukumar binciken ƙasa ta Amurka ce ta fitar da shi a 1984.

Sai dai kowane ɗan kasuwa ya san cewa tiyar da aka bubbuge gindinta ba ta daina awo, ƙarya kawai take yi. Haka na'ura take. Idan an ba ta lambobin zato, za ta mayar da amsa a tsabtace, da launuka masu ɗaukar ido, alhali kuwa zaton ne ya canza riga. Saboda haka masana suka tsayar da matakan tabbatar da ingancin aikin. Mutanen Holand, waɗanda ambaliyar teku ta kashe musu fiye da mutum 1,800 a 1953, kuma tsaron gaɓarsu ya rataya a kan irin wannan lissafi, sun wallafa littafin ƙa'idojin aikin a 1999.

Matakin farko shi ne a rubuta tambayar da ake son amsawa tun kafin a kunna na'ura, domin taswirar da aka yi don sanin inda za a gina rijiyar burtsatse guda ba za ta iya raba ruwan gunduma biyu ba. Na biyu shi ne daidaitawa: a riƙa gyara lambobin har sai abin da na'ura ta faɗa game da shekarun baya ya yi daidai da abin da aka auna da igiya a rijiyoyin awo. Na uku shi ne jarrabawa: a ɓoye awon wasu shekaru, a sa na'urar ta faɗe su, sannan a kwatanta. Na huɗu, a miƙa aikin duka ga wani masani wanda ba shi da hannu a kwangilar, ya bi shi lamba-lamba. Na biyar, a bayyana wa hukuma girman kuskuren da ke iya shiga, domin kuskuren mita guda a wurin da ruwa ke da zurfin mita uku shi ne ke raba lambun da ya yi albarka da wanda ya ƙone.

Ƙasar Nijar da kanta ta ba duniya darasi a nan. A yankin da ke gabas da Yamai, masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa da takwarorinsu na Nijar sun gano cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da wajen mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin shekarun 1970 da 1980. Dalili kuwa shi ne saran daji ya sa ruwan sama ya fi gudu zuwa tabkuna, daga nan yake nutsewa. Wanda ya gaya wa na'ura cewa ƙarancin damina shi ne ƙarancin ruwan rijiya, da ya yi kuskure babba, kuma ba abin da ya tona gaskiya sai awon da aka jure ana yi shekara da shekaru. A Magarya kuwa ƙasar ta bi wata hanya daban, domin tun shekarun 1980 manoma ke barin gawo yana tsirowa a gonakinsu har ya rufe fili mai yawa. Ke nan lambobin Yamai ba su da hurumi a fadamun Magarya. Dole a auna a nan.

Bugu da ƙari, ruwa bai san kwastan ba. Yarjejeniyar Maiduguri ta ranar 18 ga Yuli 1990 tsakanin Nijar da Najeriya ta ƙunshi kwaruruka huɗu da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansu, ciki har da na Tagwai da El Fadama wanda ya shafi kudancin Damagaram, kuma ta wajabta wa kowane ɓangare tattara bayanai da miƙa su ga hukumar haɗin gwiwa. Taswirar da ta tsaya a bakin iyaka, ba ta lissafa abin da ake ja ko ake tarewa a ƙetare ba, rabin labari ta bayar.

Abin da ke kan ma'aikacin gwamnati da aka kawo wa rahoto ya sa hannu, da attajirin da ke shirin zuba dukiyarsa a lambu, bai wuce tambayoyi kaɗan ba: rijiyoyi nawa aka auna, shekara nawa aka yi ana aunawa, wa ya binciki aikin, kuma ina za a ajiye bayanan idan porje ya naɗe tabarmarsa? Albashin mai zagaya rijiyoyi da igiyar awo kowane wata bai kai kuɗin burtsatse guda da ya ƙafe ba. Mazauna birnin Zinder, da suka daɗe suna bin layin famfo saboda ruwan Gogo da Machaya ya gaza ɗaukar garin, sun san abin da ƙishirwa ke ci. Allah ya sa koramun Magarya da Dungas su samu masu auna su da gaskiya.