BABI NA HUƊU: SAKE GINA UNGUWA BAYAN AMBALIYAR RUWA A ƘASAR DAURA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan abubuwan da ke haddasa ambaliyar ruwa a ƙasar Daura, wato ƙananan hukumomin Daura da Ɓaure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa. An nuna cewa yankin ba shi da babban kogi irin na Haɗeja ko Argungu. Ambaliyarsa ta ruwan sama ce, wanda kan sauka da yawa cikin ɗan lokaci, musamman a watan Agusta lokacin marka, ya rasa hanyar wucewa. A wannan babi kuwa za a duba yadda jama'a ke tayar da unguwarsu bayan ruwa ya janye, da waɗanda ke ɗaukar nauyin aikin, da kuma dalilin da ya sa gyaran yakan ɗauki watanni.

4.1 Kwanakin Farko

Ginin ƙasa ba safai yake faɗuwa a daren da aka yi ruwan ba. Ruwan da ya kwanta a gindin katanga shi ne ke jiƙa tushe a hankali, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ginin ya zauna ko ya kife. Saboda haka abu na farko da magidanci ke yi shi ne fitar da iyali, ko da ɗakin yana tsaye. Mata da yara sukan koma gidajen dangi ko na maƙwabta da ke kan tudu, maza kuma su kwana a zaure ko masallaci don su sa ido a kan abin da ya saura. Sai ɓarnar ta fi ƙarfin zumunci ne ake komawa makarantun firamare, kamar yadda ya faru a Jibiya a watan Yuli na shekarar 2018, inda ruwan dare ɗaya ya kashe fiye da mutum 40, ya kuma rushe ɗaruruwan gidaje.

Akwai wata ɓarna da ido ba ya gani. Idan ruwa ya cika masai, ƙazanta kan bi ƙasa ta shiga rijiyar gida, daga nan sai amai da gudawa. Don haka yashe rijiya da haƙa sabon masai suna gaba da tayar da ɗaki.

4.2 Kai Rahoto da Samun Tallafi

Labarin ɓarna yana bin tsanin sarauta ne. Mai unguwa shi ya san kowane gida da yawan mutanen cikinsa, shi ke sanar da dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi kuma ya isar ga fadar Sarkin Daura, wadda Alhaji Umar Faruk Umar ya hau gadonta a shekarar 2007. Ta ɓangaren gwamnati kuwa akwai ƙaramar hukuma, da hukumar ba da agajin gaggawa ta Jihar Katsina, da ta tarayya wadda aka kafa a shekarar 1999. Tallafin da aka saba bayarwa ya haɗa da hatsi da tabarmi da barguna da gidan sauro, wani lokaci da kwanon rufi da siminti.

A nan ne ake samun saɓani. Jerin sunayen da ake rubutawa yakan bi masu gidaje, alhali gida ɗaya na gado yana iya ƙunsar magidanta huɗu ko biyar, kowa da sashensa. Ɗan haya da bazawarar da ke riƙe da marayu su ne suka fi saurin faɗuwa daga lissafi, sai fa idan mai unguwa ya tsaya musu.

4.3 Jiran Rani da Aikin Gini

Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin, kuma shi ne masu kawo agaji daga nesa ba su cika lura da shi ba. Ambaliya da damina take zuwa, amma ginin ƙasa aikin rani ne. Tubali yana bukatar rana kafin ya bushe, haka ma kowane layi na gini sai ya sha iska kafin a ɗora wani a kansa. Bugu da ƙari, a watannin Agusta da Satumba hannun kowa yana gona, kuma babu kuɗi a hannun manomi sai ya girbe gero da wake da gyaɗa. Ke nan wanda ɗakinsa ya faɗi a marka zai zauna cikin zana da leda ko a gidan wani har bayan kaka. Simintin da aka ba shi da damina kuwa, idan ya ajiye shi a wuri mai danshi daskarewa zai yi, ga kuma bakunan da zai ciyar. Ba abin mamaki ba ne idan ya sayar da shi, kuma bai kamata a ɗauki hakan a matsayin rashin godiya ba.

Idan rani ya shigo sai a shiga aiki. Ana haƙo ƙasa a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana tsima, sannan a yi tubali. Ɗauko ƙasa da ɗebo ruwa da kwaɓi ayyuka ne da ake yi ta hanyar gayya, mai gida ya tanadi fura ko tuwo da goro, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma jera tubali da ɗora azara aikin magini ne, shi kuma biyansa ake yi. Azarar giginya ta yi tsada saboda itacen ya yi ƙaranci, shi ya sa ake tono ta tsohon ɗaki daga cikin ɓaraguzai a sake amfani da ita. Ita ma ƙasar ginin da ya rushe ba a zubar da ita, sake kwaɓa ta ake yi. A da ana kare bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Yanzu mai ɗan hali yakan tayar da tushe da bulo da siminti har zuwa gwiwa, sannan ya ƙarasa da ƙasa ya rufa da kwano. Wannan dabara tana da ma'ana ƙwarai, tun da yake daga tushe ruwa ke cin gini.

Galibi katanga ake fara tayarwa kafin ɗakuna, saboda sutura ga matan gida.

4.4 Kududdufi da Komawa Tsohon Wuri

Kududdufan da ke cikin tsofaffin garuruwan Hausa, har da Daura, ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini daga cikinsu. Da damina kuma su ne matattarar ruwan unguwa. Da mutane suka yawaita, fili ya yi daraja, sai aka riƙa cike su da shara ana yanka filaye. Ruwan da ya saba sauka can sai ya nemi gidan da ya fi kwari. Haka kuma kwatocin da aka gina sukan toshe da yashi da leda idan ba a yashe su kafin faɗuwar damina ba.

Shawarar da hukuma ta saba bayarwa ita ce mutane su tashi daga hanyar ruwa. Faɗar ta fi aikatawa sauƙi. Gidan gado ba na mutum ɗaya ba ne da zai yanke hukunci a kansa shi kaɗai, kuma sabon fili a bayan gari yana nesa da kasuwa da masallacin da aka saba da dangi, wani lokaci babu ruwan sha. Saboda haka da yawa sukan sake gini a inda aka rushe, su ɗaga dokin ƙofa, su tara ƙasa a gindin bango. Sai dai wanda ya ɗaga gidansa shi kaɗai ya tura ruwan ne gidan maƙwabcinsa, kuma irin wannan ƙara tana cikin waɗanda ke zuwa gaban mai unguwa da zarar an yi ruwan farko mai ƙarfi.